Akwatin da Ke Leƙen Gidan Takaba

Kansa na fara gani a saman katanga, sannan kafaɗunsa. Ina tsugune a tsakar gida ina wanke wa ƙanwata kwanuka, ita kuma tana zaune bakin ƙofar ɗakinta da carbi, kanta ba ɗankwali saboda zafi. Na ajiye soso na miƙe.

"Kai mai tsani, sauka."

Ya waiwayo ya gan mu, ya yi maza ya kau da kai. Na ce ai ba kau da kai na ce ba, sauka na ce. Ya sauka. Na yafa mayafi na bi ta zaure na same shi a lungu, riƙe da tsanin da ya jingina a falwayar da ke manne da katangar gidan. Ba yaro ba ne, da furfurarsa a gemu, ga hular kwano a ka. Na tambaye shi ko a garinsu haka ake yi, namiji ya hau sama ya leƙa gidan mutane ba sanarwa. Ko mai gyaran rufi, ko mai tsinkar mangwaro, kafin ya taka sai ya ɗaga murya ya ce za a hau, mata su kimtsa. Balle gidan da ake takaba.

Da ya ji takaba sai ya cire hular. Daga Hausarsa na gane mutumin kudancin Kaduna ne. Ya ce Mama a yi haƙuri, ya san al'adar, yawan hawa ne ya sa ya manta, Allah ya ji ƙan wanda ya rasu. Na ce amin. Na tambaye shi me ya kawo shi. Ya nuna min wani farin akwati a ƙasa, bai wuce girman rediyon da ba, ya ce kamfanin waya ne ya aiko shi ya ɗaura shi a falwayar.

Na san abin. A Samaru inda nake zaune sun cika gari, a falwayoyi, a goshin shaguna, har a jikin gidajen hayar ɗalibai. Da can in makaranta ta buɗe, 'yan jami'a suka dawo, to mu 'yan unguwa mun yi sallama da sabis ke nan, su ke kwashewa da kallace-kallacensu. Tun da aka fara ɗaura waɗannan 'yan akwatunan abin ya yi sauƙi. Saboda haka da na ga akwatin a ƙasa fushina ya sauka kafin mutumin ya gama ba da haƙuri, don na san abin da zai yi wa ƙanwata.

Ga yadda take. Mijinta ya rasu, ta shiga takaba, ba fita. Gidan nasu na gado ne, a bayan kasuwar Sabon Gari, ginin ƙasa mai kaurin bango. Lokacin da aka kawo ta gidan, in ka tsaya tsakar gida sama kake gani ta ko'ina. Yanzu 'yan kasuwa sun yi benaye ta gabas da arewa suna ajiye kaya, gidan ya koma kamar rijiya. Iska ba ta shiga, sabis ma ba ya shiga. Duk mai son ya yi waya a lungun sai ya fita bakin titi, daidai teburin mai shayi, nan ne kawai ake samu. Da marigayin yana raye shi ke fita da wayar, ko ita ta sa hijabi ta fita da yamma in kasuwa ta fara watsewa.

Autarta kuwa tana Legas da mijinta, da tsohon ciki. Ciki biyu ta yi kafin wannan, ba wanda ya zauna. Da ubanta ya rasu likita ya hana ta tafiya, ba ta zo ba, ba ta ga gawarsa ba, ba ta zauna kusa da uwarta ba. Tun ranar rasuwar, uwa da 'ya ba su ji muryar juna baki da baki ba.

Ni na zama 'yar aike. In hau motar Samaru in sauka kasuwa, in tsaya gaban mai shayi in kira yarinyar, in kwaso magana in kai ciki, in kwaso amsa in fito. Ni kuma ban iya kwalliya wa magana ba. Yarinya ta ce ƙafafunta sun kumbura, in shiga in ce ta ce ƙafa ta kumbura, kowace mai ciki ma haka. Ƙanwata ta ce to yaya muryarta? In ce murya kamar murya. Sai ta ci gaba da jan carbi. Abin da take so ke nan, shi ne kuma ba na iya ɗaukowa.

Mun gwada saƙon murya a babbar wayata. Na danna na kara mata a baki, ta yi sallama, ta yi addu'a, ta ce shi ke nan. Na ce ki yi magana mana. Ta ce da wa? Ba ta iya magana da abin da ba ya amsawa. Na yarinyar kuwa in na kawo, sai ta sa in maimaita mata har cajina ya kusa ƙarewa, tana neman abin da 'yar ta ɓoye a bayan gaisuwa.

Na ce mata malamai sun ce mai takaba tana iya fita in da lalura, kuma wannan lalura ce. Ta ce ta sani. Ta ce amma mutumin da suka tsufa tare, ba za ta je ta tsaya cikin maza gaban teburin shayi da kayan takabarsa a jikinta ba. Tun muna yara haka take, ba ta musu da kai, ba ta kuma yin abin da ka ce.

To shi ya sa na tsaya a lungun ina yi wa mai tsani tambayoyi kamar ni na aiko shi. Na ce ga ƙaton ƙarfen sabis can bayan tasha, kowa na ganinsa, me ya hana shi aiki? Ya ce yana aiki, mutane ne suka yi masa yawa. Kamar rijiya ɗaya ce kasuwa guda ke ɗiba, na nesa kafin layi ya zo kansa rana ta faɗi, ga benaye sun tare hanya. Wannan kuwa randa ce za a ajiye mana a bakin ƙofa. Ba ta da yawa, ba ta kai wa nesa, lungun nan da na bayansa kawai, amma tamu ce. Ya ce yanzu aikinsu ya koma haka, sun fi ɗaura ƙanana a lunguna fiye da kafa manya, don ba filin kafa babba a cikin gari, kuma jama'a ƙaruwa suke. Na ce gidan nan zai samu? Ya dubi katangar ya ce ai gidan nan ne zai fi kowa sha.

Muna cikin haka ƙanin marigayin ya iso daga shago. Shi ne babba a gidan yanzu, da iyalinsa a ɗaya sashen. Kwanon rufi da ƙusa yake sayarwa a kasuwa. Malam ake ce masa, ni ma haka nake ce masa a gaban mutane, ko da yake na san shi tun yana yawo ba wando, ranar da muka kawo amarya shi ya ɓarar mana da kunu. Mutumin kirki ne, sai dai tun da wansa ya rasu ya ɗauki gidan ya ɗora a ka kamar tulu, ko tari aka yi sai ya tambayi na wane ne.

An riga an gaya masa na yi faɗa da wani a kan leƙe. Ya saurari bayanin mai tsani har ƙarshe, sannan ya ce a ba shi tsanin. Ya yi gyaran murya ya ce za a hau, ya naɗe babbar rigarsa ya hau. Ya daɗe a sama. Da ya sauko fuskarsa ta canza. Ya ce daga can ana ganin komai, madafi, igiyar shanya, har ƙofar makewayi. Mai tsani ya ce shi sau ɗaya zai hau ya sauka, akwatin kuma ba ya gani. Malam ya mayar masa da tsaninsa. Falwaya ba tasa ba ce, mai unguwa kuma ya riga ya amince. Aka ɗaura akwatin, ɗan sama da katanga, fuskarsa na duban lungun da gidan. Mutumin ya ce ba yau zai fara aiki ba, sai wasu sun zo sun haɗa masa waya da wuta, in muka ga koriyar fitila ta kama to ya tashi.

Na shiga na gaya wa ƙanwata ta kusa hutawa da ni. Ta ce Allah ya sa. Na duba ƙaramar wayarta na tabbatar lambar autar na nan inda na ajiye mata. Ita ba ta karatu. Ni ma sai da furfura ta fito min na shiga ajin manya, amma dai na iya neman suna a waya, na kuma iya ƙirga sandunan sabis. Na nuna mata inda za ta danna, na koma Samaru.

Gwiwata ta tashi, na yi kwanaki ban fita ba. Ran da zan koma, da safe ina shirin fita mijin yarinyar ya kira ni daga Legas. Ya ce jininta ya hau, an kwantar da ita, likitoci sun ce ba za su jira naƙuda ba, gobe da safe za a yi mata aiki. Ya ce ba ta cewa komai sai a kira mata Inna. Ya kira wayar Innar ya gaji, ba ta shiga. Na ce ya kwantar da hankalinsa, an sa musu akwati, yau za su yi magana. Da bakina na faɗa.

Da na sauka bakin lungun, mai shayi ne ya fara tare ni da ƙorafi. Wai tun da koriyar fitilar can ta kama ciniki ya ragu, da mutum ya zo yin waya sai kunya ta sa ya sha shayi, yanzu kowa a ƙofar gidansa yake zuba surutu. Na ce Allah ya ƙara. Na duba wayata, sanduna sun cika taf, abin da ban taɓa gani a wurin ba. Ina tafiya ina kallo har ƙofar gidan, a cike. Na shiga zaure suka fara zubewa. Na fito tsakar gida, saura ɗaya, ita ma tana zuwa tana tafiya. Na kira mijin yarinyar, ya yi ƙara sau ɗaya ya yanke. Na koma bakin madafi, na koma gindin igiyar shanya, na ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Babu.

Ƙanwata ta ce kar in wahalar da kaina, ta danna inda na nuna mata har yatsanta ya gaji. Ta ce ƙila rabon ne babu.

Na ga sabon abu a saman katanga, ba wai ban gani ba. Fallayen kwano biyu sababbi fil, an kafa su tsaye a jikin katako, suna ƙyalli, sun rufe akwatin ruf daga cikin gida. Na tambaya, ta ce Malam ne ya sa, wai fitilar ido ce, ba zai bar ido na kallon matan gida dare da rana ba, balle mai takaba. Na ce to, shi ya sani. Ni ma a lokacin ban ga abin da ya haɗa kwano da waya ba. A nawa tunanin sabis kamar iska yake, in an tare nan ya bi can. Mai tsani na ɗora wa laifi, na ce ya ɗaura mana mataccen akwati ya tafi.

Ban gaya mata maganar aikin ba tukuna. Na ce ina zuwa.

Mai shayi ya ce ya ga motar su mai tsani ta yi wajen Chikaji. Na hau keke na bi. Ban sha wahalar nemansa ba, muryarsa na fara ji daga wani lungu bayan masu walda, yana cewa salamu alaikum, za a hau, mata a kimtsa. Ya faɗa har sau biyu kamar mai shela. Na tsaya gindin tsanin na jira ya gama ɗaure-ɗaurensa. Da ya sauko ya gan ni ya ce Mama yau kuma me na yi, ai kin ji na yi sanarwa.

Na ce randar da ka ajiye mana a fashe take. Duk lungu na sha, gidan da ka ce zai fi kowa ko ɗigo. Na gaya masa maganar yarinyar da aikin gobe. Bai yi gardama ba. Ya ce wa abokin aikinsa ya ci gaba, ya ɗora tsani a mota ya ce in shiga gaba.

A lungun namu ya yi sanarwarsa ya hau. Bai kai sama ba ya tsaya, ya ƙwanƙwasa kwanon da yatsa, ya sauko. Ya ce wa ya sa wannan? Na ce mai gidan. Ya ce to akwatin lafiyarsa ƙalau, an toshe masa baki ne. Duk duniya ba abin da sabis ya ƙi jini kamar ƙarfe, in ya doki kwano baya yake dawowa, ga shi an kafa masa shi a hanci. Ya ce shi ba shi da ikon taɓawa, a kan katangar mutane yake.

Na aika aka kira Malam daga shago. Ya zo da tsinken sakace a baki. A zaure muka tsaya mu uku, ni daga ƙofar ciki, su daga ta waje. Na gaya masa abin da mutumin ya ce, na gaya masa na Legas, da ƙarfi yadda zai shiga kunnensa. Na manta zaure ba ya riƙe magana. Na ji carbin ƙanwata ya faɗi a ciki.

Malam ya yi salati, ya yi wa yarinyar addu'a, 'yar wansa ce, a hannunsa ta girma. Amma ya ce kwano na nan. Katangarsa ce, kwanonsa ne, bai taɓa kayan kamfani ba. Mai tsani ya ce Alhaji wallahi ba ido a ciki, fitilar tana nuna yana aiki ne kawai. Malam ya ce ai ko da ido ba za ka ce min da ido ba. Ya ce a layinsu na kasuwa akwai wani ɗan abu fari kamar wannan a saman shagon maƙwabcinsa, shi ma da 'yar fitilarsa, kuma da idonsa ya ga an nuno ɓarawo a waya, har tabon da ke goshinsa. Mai tsani ya ce wancan daban, wannan daban, in yana so zai buɗe masa ya duba. Malam ya ce ko ka buɗe me na sani a ciki? Ni ƙusa na sani da kwano. Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Sai ya kawo tasa shawarar. A bari sai bayan la'asar, ya kori mutanen lungu, ta fito ƙofar gida ta yi wayarta ta koma. Daga ciki ƙanwata ta ce ba za ta taka dokin ƙofa ba. Ya ce to a cire falle ɗaya na ɗan lokaci, ta lulluɓa ta yi magana, a mayar. Na ce Malam, haihuwa ba kira ɗaya ba ce. Yau za ta kira, gobe kafin a shiga da ita za ta kira, in an fito za a kira, in jariri ya ƙi kama nono wa za a tambaya, kai? Ko kullum za ka rufe shago ka zo da guduma?

Ya ce, "Yaya, amana ce a wuyana. In na je lahira na tarar da wana me zan ce masa, na bar matarsa a buɗe?"

Na ce in ka je ka gaya masa ka rufe ta da kwano kamar buhun siminti, 'yarsa kuma ta shiga ɗakin aiki tana kiran uwarta. Bai ji daɗin maganar ba. Ni ma ba don ya ji daɗi na faɗa ba. Mai tsani ya hau duban takalminsa.

Na juya gare shi na ce, abin naku ya ƙi ƙarfe, to me yake so? Ya ce bango mai kauri yana rage masa ƙarfi, amma katako marar kauri, ko ƙyalle, ko ciyawa, wucewa yake kamar babu. Na ce zana fa? Ya ce zana ba ta hana shi komai. Malam ya ce ina za a ga zana a Sabon Gari yau, sai an je wajen Shika. Gaskiya ne, ko akuya ma yanzu da kwano ake yi mata shinge.

A kusurwar zauren akwai tabarmin kaba a naɗe, a jingine, waɗanda aka shimfiɗa wa masu gaisuwa a zaman makoki. Tun da aka tashi ba wanda ya ɗauke su. Na jawo ɗaya na warware na ce wannan fa? Mai tsani ya shafa ya ce za ta yi. Malam ya ɗaga ta wajen haske ya ce tabarma ai huda gare ta, ido zai ratsa. Na ce a ruɓanya. Ya ruɓanya ya sake ɗagawa.

Na ce to ga yadda za a yi. A cire kwano a kafa tabarma biyu. Kai da kanka ka hau ka sa idonka daidai inda fitilar take. Ni zan tsaya tsakar gida. In ka faɗi abin da nake yi, a mayar da kwanonka, ba zan ƙara magana ba har a gama takaba. Ya ce Yaya ki yi shiru har a gama takaba? Ai ko don wannan ma sai in gwada.

Shi ya aika aka ɗauko masa guduma. Bai yarda mai tsani ya taɓa ba, ya ce zai lanƙwasa masa kaya. Ya cire babbar riga ya rataya a ƙofar zaure, ya ce za a hau, ya hau. Matan sashensa suka shige ɗaki. Ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a aljihu, ya miƙo wa mai tsani fallen farko, ya miƙo na biyu. Aka miƙa masa tabarmi. Ya buga su a jikin katakon, ya ja, ya ƙara ƙusa a inda iska za ta iya ɗagawa. Aikin ya kai mu har aka kira la'asar, Malam ya tafi masallaci, mai tsani ya zauna a motarsa ya ci gyaɗa.

Da ya dawo ya sake hawa don gwaji. Na tsaya tsakiyar gida na ce to Malam, me nake yi? Na ji yana motsi a bayan tabarma, yana neman kafa. Ya ce kina tsaye. Na ce wannan ko makaho ya sani, me nake yi? Ya daɗe. Ya ce bai gani ba. Na ce duba da kyau, kar gobe ka ce an cuce ka. Ya ce ya ce bai gani ba.

Na ce gwalo nake maka.

Mai tsani ya yi dariya daga lungu har da tari. Malam ya sauko yana cewa tsufa dai bai yi wa wasu amfani ba. Ya tattara kwanonsa ya jingina a zaure, yana duba ko an ƙuje masa.

Ni ban ma duba wayata ba. Ta ƙanwata ce ta fara ƙara daga cikin ɗaki, a ƙarƙashin filo inda ta cusa ta. Tun da aka sayi wayar nan ba ta taɓa ƙara a cikin gidan ba, har ta tsorata. Ta fito da ita a tafin hannu tana miƙo min. Na duba sunan, mijin yarinyar ne, ashe bai daina gwadawa ba. Na ce ba tawa ba ce, danna kore. Na jawo mata kujera 'yar tsugune zuwa gindin katanga, ƙarƙashin tabarma, na zaunar da ita.

Ta kara a kunne. Suka gaisa da surukin a gajarce, ya miƙa. Daga inda nake tsaye na ji muryar yarinyar ta ce Inna, sai kuka. Ƙanwata ba ta yi kuka ba. Ta bari ta yi mai isarta.

"Auta. Ya isa. Kin ci abinci?"

Na koma wajen kwanuka na hau wankewa. Ina jin rabi. Ta gaya mata yadda uban ya cika, abin da ni ban taɓa iya kai wa ba, cewa bai wahala ba, kuma ya ambace ta. Ta gaya mata ita ma da aka zo haihuwarta sai da aka kwana biyu ana abu ɗaya, ga ta nan. Ta koya mata abin da za ta karanta in an tura ta ɗakin. Ta yi mata faɗa a kan ɓoye kumburin fuska da ta yi, wai a muryarta ta ji. Suka koma kan zanen goyo, da wanda zai yi mata wankan jego a can garin da ba kowa.

Malam ya leƙo daga zaure ya ce mai tsani zai tafi. Na fita na sallame shi, na ce Allah ya yi albarka, ya ci gaba da sanarwa. Ya ce in iska ta yaga tabarmar a sa wata, kar dai a koma kwano. Malam ya ce an ji.

Da na dawo rana ta sauka daga kan katanga, suna nan suna yi. Can wayar ta yi ƙara biyu ta mutu a kunnenta, caji ya ƙare. Ta dube ta, ta jijjiga ta. Sannan ta miƙo hannu wajena, ko kallona ba ta yi ba. Na nemo lambar na danna na sa mata tawa a ciki.